Edita, muna kwana a bakin salansa

Assalamu alaikum Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikata, dan Allah ka ɗan sam min fili in amayar da abin da ya daɗe yana cina a rai, kai har a ƙirji ma, don maganar ƙirjin ce ta kawo ni. Ni Bazazzagi ne haifaffen cikin birni, amma tun 2017 haya ta jefa ni bakin titi a wajen Kwangila, kuma ina fama da asma, wadda iyayenmu ke ce ma fuka. Shekarata 46, ina koyarwa a wata sakandare, kaga dai ba yaro bane ni balle ace raki nake yi.

Ga wanda bai san Kwangila ba, nan ne hanyar Kaduna zuwa Kano ta haɗu da wadda ta nufi Samaru da Shika ta miƙe Funtuwa har Gusau da Sakkwato, ga kuma wadda ta shiga gari ta PZ. Wato duk tirelar da ta ɗauko kaya daga Legas zata Kano, duk tankar mai, motar shanu, ta tumatir, ta siminti, sai ta zo ta gaishe mu kafin ta wuce, wasu ma ba wucewar suke ba, kwana suke mana. Daga ƙofar gidan da nake haya zuwa bakin kwalta na taɓa ƙirgawa, taku 23 ne cif. Lokacin da na kama gidan har murna nake wai na samu kusa da titi ba wahalar abin hawa, ashe wahalar ce na biya ma kuɗin shekara da hannuna.

Ina yaro na ɗan taɓa yin fuka, in sanyi ya shigo sai Inna ta shafa min man zafi a ƙirji ta ban zuma da citta ta naɗe ni da zani, kafin in gama sakandare abin ya tafi gaba ɗaya, na yi shekara sama da ashirin ban san kalar inhela ba, wato maganin nan na fuka da ake shaƙa, har ƙwallo nake bugawa. Shekarar farko a sabon gida sai tarin dare, nace mura ce. Shekara ta biyu sai ƙirji ya fara fito in na kwanta, nace sanyi ne. Kowa da tashi fassarar, wannan yace ruwan firij ne, wancan yace fanka ce, wata gwaggona tace sammu ne don ta ga na fara gini a lokacin (ginin da har yau yana linta, in dai sammun ne to ya kama bulo bai kama ni ba). Babu ko mutum ɗaya da ya nuna titi, har ni kaina.

Wani dare cikin hunturun 2019, wajen ƙarfe uku, na farka kamar an ɗora min buhun masara a ƙirji. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba Edita, iska ce ga ta nan cike da ɗaki amma ta ƙi shiga, 'yar wadda ta shiga kuma ta ƙi fita, kana ja kamar mai zuƙar fura da bututun biro, ƙirjin yana fiii fiii kamar ɗan kyanwa. Na tashi zaune na dafa gwiwa, gumi na keto min cikin wannan uban sanyin. Mai ɗakina ta farka a firgice tana cewa “Malam, Malam, ina inhelar?” na nuna mata ƙarƙashin filo, ta miƙo, na girgiza na danna, fus, ba komai sai iska, dama kwana biyu ina lallaɓa ta ne ina jiran albashi. Ko magana bana iya haɗawa, kalma ɗaya sai in tsaya. Ita ta fita da hijabi a bai-bai ta buga ma maƙwabcinmu mai keke napep ƙofa, Allah ya saka masa da alheri ko tambaya bai yi ba ya fito da makulli. To abin da ba zan manta ba, da suka riƙo ni muka fito ƙofar gida, tireloli uku ne a jere a gefen titi duk injinsu na aiki, ba kowa a sitiyari, hasken tocilan ɗinta ya haska hayaƙin yana kwance ƙasa-ƙasa kamar hazo bai tashi sama ba, kuma tagar ɗakin da na fito daga ciki tana kallonsu. A cikin wannan halin ma sai da abin ya darsu a raina, ashe wannan nake sha tun isha'i.

A asibiti aka sa min nebulaiza, na'urar da ke mai da magani tururi a shaƙa, aka yi min allura, kafin asuba na dawo duniya. Da na koma ganin likita bayan kwana biyu sai na tarar da wata matashiya, a shekaru ƙanwar bayana ce, amma ita ta fara yi min tambayoyin da ba wanda ya taɓa min. Tace “Malam, a sati huɗun da suka wuce, abin yana taso maka da rana fiye da sau biyu a sati?” nace eh. “Yana tashinka daga barci?” nace eh. “Kana shaƙar shuɗiyar inhelar nan fiye da sau biyu a sati?” nayi dariya nace likita ki ce a rana. “Ya hana ka wani aiki da ka saba?” nace ko hawa benen makaranta sai na huta a tsakiya. Tace to ai asmarka kwata-kwata ba a riƙe take ba, ita ke riƙe da kai. Ta tambayi inhela nawa nake shanyewa a shekara nace kusan duk wata guda, ta ajiye biro tace wanda ke shanye uku ma a shekara ana ɗaukarsa yana cikin haɗarin mummunan tashi balle kai. Sannan ta kalle ni tace “A ina gidanka yake? Bana nufin unguwa, ina nufin me ke gaban tagar ɗakin da kake kwana?”

Wallahi Edita shekara biyu ina yawon kemis, a ban sirop a ban ƙwaya a ce in daina shan ruwan sanyi, ba wanda ya taɓa tambayata inda nake kwana.

Tunda malamin makaranta ne ni sai na koma na zama ɗalibi, na dinga karance-karance a waya, kuma abin da na fahimta bari in faɗe shi yadda zan faɗa ma 'yan ajina. Mai asma hanyoyin iskar da ke cikin huhunsa kullum a ɗan kumbure suke, a tsarge kamar gyambon da bai warke ba, abu kaɗan ya taɓa su sai su ƙara kumbura, naman da ya zagaye su ya tsuke, majina ta taru, hanya ta toshe. To hayaƙin mota ba abu ɗaya bane. Akwai baƙin da muke gani, wannan ma da sauƙi tunda ido na ganinsa kana iya kauda kai, mugun shi ne ɗan mitsitsin da ake kira PM2.5, wanda sai ka jera kusan 30 kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya, shi gashin hanci baya tare shi, labule baya tare shi, zarcewa yake can ƙuryar huhu. Akwai kuma wata iska da ake ce ma naitirojin dayoksaid wadda injin dizal ya fi fitarwa, ita aikinta ta ƙara tunzura wancan gyambon. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta rage mizanin da tace kar a wuce, PM2.5 maikirogiram 5 a kowace mita kubik ta iska in an ɗauki matsakaicin shekara, ita kuma waccan iskar 10. Tun 2012 ma sashenta mai binciken cutar kansa ya sa hayaƙin dizal a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar, ba zato ba. Kuma masu bincike a Amurka da suka tattara nazarce-nazarce a 2010 sun ce wanda ke cikin mita 300 zuwa 500 daga babban titi shi ya fi kwasar wannan kaya. Mita 300 fa akace. Ni taku 23.

Na san wani zai ce ai Malam kai dama kana da abinka tun kana yaro, kar ka ɗora ma titi. Gaskiya ne ina da shi, ban ce tirela ce ta haife ni da fuka ba, kuma likitar ma ta lissafa min wasu abubuwan, ƙurar hunturu, kyankyasai, hayaƙin itace, igiyar leƙo ta sauro, har da turaren wuta, wanda sai da aka yi zaman sulhu a gidana kafin aka daina kunna shi a ɗaki, don a wajen uwargida raba ta da kasko kamar raba ta da dangi ne. Amma ga abin da jikina ya gaya min, kuma jiki magayi. A ƙarshen Maris 2020 da gwamnatin Kaduna ta kulle jiha saboda korona, titin nan namu ya yi tsit, sai jefi-jefi motar abinci ko ta mai, ba gosulo ba 'yan achaba ba bas-bas masu lodi. Mutane na kukan yunwa, ni ma na yi kukan, amma a wannan kullen ne na fara kwana har asuba ban farka ba, na yi azumin shekarar cikin sauƙin da na manta rabona da shi, inhela ɗaya ta kai ni har bayan sallah da saura. Wani abokin aikina yace ai lokacin zafi ne shi yasa, nace to zafin 2018 da na 2019 a Ingila na yi su? A gidan nan na yi su kuma na sha wuya. Ana buɗe gari motoci suka dawo, ba a yi wata ba fito ya dawo. Haka in na je cikin birni na kwana biyu a gidanmu, can lungun da ko keke napep sai ta yi dabara take shiga, duk da ƙurar da ke akwai, ƙirjina sakayau. Ruwa dai baya tsami banza.

Kuma ba ni kaɗai jikina ya faɗi haka ba. A Landan an taɓa ɗaukar manya 60 masu asma, ba yara ba, aka sa kowanne ya yi tafiyar awa biyu a titin Oksfod inda motocin bas da tasi masu shan dizal ke zirga-zirga, wata rana daban kuma ya yi irin wannan tafiyar a lambun shaƙatawa na Haid Fak, ana auna numfashinsu. Sakamakon da aka fitar a 2007 ya nuna ƙarfin huhunsu ya fi raguwa bayan tafiyar titi, kuma waɗanda asmarsu ta fi tsanani su suka fi jin jiki. Awa biyu kenan fa, a garin da ake duba lafiyar mota. Mu da muke awa ashirin da huɗu a bakin motocin da tun a can aka gama cin moriyarsu kafin a turo mana fa? A Landan ɗin dai akwai wata yarinya 'yar shekara 9 da asma ta kashe a 2013, gidansu dab da wani babban titi, uwarta ta ƙi haƙura ta dinga bin magana har a Disamba 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya rubuta gurɓatar iska cikin abin da ya kashe ta, karon farko kenan a ƙasar. Mu nan sai dai a ce kwana ne ya ƙare, kuma haƙƙun kwana ne, amma ai ko wanda mota ta kaɗe ma kwanansa ne ya ƙare kuma bai hana a tambayi direba.

Maganar direba, bari in ba ka labarin yadda muka yi da ɗaya, don da fushi na fita amma a sanyaye na dawo. Wani dare na kasa jurewa na sa takunkumi na fita wajen wata tirelar siminti da ta faka saitin tagata tun magariba injin na silo. Na samu direban a teburin mai shayi, dattijo ne da furfura, nace “Baba sannu da hanya.” Yace “Yawwa Malam, sannunmu.” Nace dan girman Allah a taimaka a kashe motar nan, ina da ciwon ƙirji kuma hayaƙin ɗakina yake shiga. Ya ajiye kofi ya kalle ni, ba faɗa ba komai, yace “Malam wallahi ba mugunta bace. Batir ɗina ya mutu, in na kashe ta yanzu ba zata tashi ba, buhu 600 ne a kai, wa zai tura min? Na faɗa ma mai mota tun daga Lakwaja, yace in lallaɓa in kai kaya tukun, shi dai balas yake jira.” Yace ko masu lafiyayyen batir ma da asuba sai sun bar ta tana aiki ta tara iskar birki kafin su ɗaga. Yana cikin maganar sai tari ya sarƙe shi, ya juya ya tofar, ya goge baki da hannun riga yace “kaga ni ma abin da nake fama kenan.” Na leƙa ƙarƙashin motar sai ga yaronsa a kwance kan kwali ya lulluɓa da buhu yana barci, kansa bai fi taku biyu da salansa ba, wai ɗumi yake ji. Me zan ce? Ƙarshe dai ya matsar da ita gaba kaɗan, wato ya kai ma maƙwabcina.

Shi yasa nace wannan magana ta wuce faɗa da direbobi. Mai shayin nan a ciki yake wuni yake kwana, mai tsire, mata masu tuyar awara da ƙosai da goyo a baya, 'yan bumburutu, masu faci, yara 'yan talla da ke bin gilashin mota a gosulo, ma'aikatan da ke ba da hannu a tsakiyar titi, duk tukunya ɗaya muke sha, ni dai nawa ƙirjin ne mai saurin kai ƙara. Ka je ƙarƙashin gadar Kwangila bayan la'asar, ko PZ lokacin tashi daga aiki, ko Ƙofar Doka, ko Ɗan Magaji, ko bakin kasuwar Samaru, ka tsaya minti goma ka ji yadda maƙogwaronka zai yi. Da hunturu abin ya fi muni, don da dare zuwa safiya iska mai sanyi ce ke kwanciya a ƙasa ta danne hayaƙin ya kasa tashi, ga hazo daga sama, ga masu jin ɗumi sun kunna taya da leda, ga bola ana ƙonawa, in an ɗauke wuta kuma janareto ya karɓa.

Kar in yi ta nuna wasu da yatsa, ni ma ina da nawa kason. Mashin ɗina tsoho ne, ya daɗe yana shan baƙin mai yana tunkuɗo shuɗin hayaƙi, makaniki yace ringi ne nace sai an yi albashi, albashi wajen goma suka wuce. Kuma da safe a cikin zaure nake tada shi in bar shi yana ɗumi ina ɗaura agogo, hayaƙin na shiga tsakar gida inda yara ke karyawa. Mai asma fa kenan. Sai da ɗiyata ta fari tace “Abba kai da kake faɗa da tirela ga taka ƙaramar tirelar nan” sannan kunya ta sa na kai shi gyara. Sai kuma wannan bala'in na cire indomi. Duk mai mota ya san shi, wannan abu mai kamar saƙar zuma da ke cikin salansa, wanda aka sa don ya tace dafin hayaƙi kafin ya fito, akwai ƙarafa masu tsada a jikinsa shi yasa ake sayensa. Wasu sace musu ake a gareji, wasu kuma da kansu suke sayarwa, ƙanina ma ya sayar da nashi ya zo yana min murna wai ya samu kuɗin banza kuma mota ta ƙara gudu. Nace kuɗin banza ne kam, na asibitina ne ka karɓa tun kafin in biya. Ga shi man da ake zuba ma motocin ma magana ce, a Turai sinadarin salfa mai ƙara dafin hayaƙi da ke cikin dizal ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan, ƙasashen ECOWAS sai a 2020 suka amince da 50, amincewa a takarda kuma daban abin da ke cikin tanki daban.

Ga 'yan uwana masu wannan ciwo, akwai wata magana da ta kusa kashe ni, wai in ka fara inhela ka kamu kenan ba ka rabuwa da ita, gara ka sha ƙwaya. Ƙarya ce. Inhela kai tsaye take zuwa inda ciwon yake da ɗan magani kaɗan, ƙwayar ce ma ke zagaye jiki duka ta sa ka rawar hannu da bugun zuciya. Kuma inhela iri biyu ce, shuɗiyar nan da kowa ya sani buɗe hanya kawai take na ɗan lokaci, ba ta taɓa kumburin, akwai ta rigakafi mai maganin kumburi wadda likita zai tsara maka yadda za ka dinga shaƙa ko kana jin lafiya, ka kurkure baki bayan ka shaƙa. Masu fitar da ƙa'idojin asma na duniya, GINA, tun 2019 suka daina ba da shawarar babba ya dogara da shuɗiyar ita kaɗai. Tunda aka ɗora ni a kan ta rigakafin ban sake kwana a asibiti ba, Alhamdulillah, amma fa tsada, tun daga 2023 da aka cire tallafin mai naira ta faɗi kuɗinta ya ninka ya sake ninkawa, wani watan sai ka zaɓa tsakaninta da buhun masara. Kuma ko da ita, in aka yi daren da tireloli suka yi mana sansani sai na ji a jikina, kamar kana kwalfe ruwa ne daga ɗaki rufin na yoyo. Zuma da habbatus sauda ina sha ban raina ba, amma dan Allah in numfashi ya kai mutum baya iya haɗa jimla, ko leɓensa ya fara canza kala, ko ya shaƙa ya shaƙa ba sauƙi, ba lokacin jiƙe-jiƙe bane, a nemi abin hawa.

A gida mun yi 'yan dabarunmu na talaka. Na bar ɗakin gaba na koma na ƙurya wanda da kicin ne da tarkace, tagar da ke kallon titi mun rufe ta mun toshe ramukan da tsumma, ta baya muke buɗewa, shara sai an yayyafa ruwa, gidan sauro ya maye gurbin igiyar leƙo, janareto ya koma can bayan gida nesa da taga. In zan hau mashin cikin gosulo ina sa takunkumi irin N95, na yadi ƙura kawai yake ragewa. Na daina zaman majalisa a bakin titi bayan magariba, abin da ya fi min ciwo kenan don har an fara cewa na yi girman kai. Ragar tagar gaban nan kuwa, duk ranar Asabar mai ɗakina na goge ta da farin tsumma, tsumman na fitowa baƙi ƙirin da maiƙo-maiƙo kamar an goge gindin tukunya, ba ja irin na ƙurar Zariya ba. Ranar farko da ta nuna min tace “Malam wannan ragar ce ta tare, wanda ya wuce fa yana ina?” ban ba ta amsa ba.

Masu cewa to ka tashi mana, na ji, ina nema, amma wanda ya san kuɗin haya a Zariya yanzu ya san ba a tashi da baki, kuma in na tashi wani ne zai shiga da iyalinsa, ƙila da tsohuwa mai hawan jini ko jariri. Gidajen nan da yawa sun riga cunkoson zuwa, titi ne ya faɗaɗa ya same su.

Abin da nake roƙo ba mai yawa bane. A samar ma manyan motoci wurin kwana na kirki a wajen gari nesa da gidajen mutane, da ruwa da banɗaki da tsaro yadda direba zai yarda ya shiga, don in ba tsaro ba zai shiga ba kuma yana da gaskiya, sannan a hana kwana da inji a kunne a gaban gidaje. Ƙananan hukumomin Sabon Gari da Zariya da 'yan yuniyon da masu motocin su zauna, ai shi kansa mai motar asara yake, dizal ɗin da ake ƙonawa daga magariba zuwa asuba a 'yan kwanaki ya sayi batir. Jami'an KASTLEA masu kula da dokokin hanya a jihar Kaduna da na rodi sefti yadda ake tambayar takardu a dinga kallon salansa ma, motar da ke tafe tana rufe titi da baƙin hayaƙi har na baya ya kunna fitila da rana ba sai an kawo na'ura daga waje ba kafin a gane ta, amma a ba mutum wa'adin gyara, kar abin ya zama wata sabuwar hanyar karɓar na goro. Hukumar kula da muhalli ta jiha, KEPA, da malamanmu na ABU, ga Samaru ga Shika duk a hanyar nan suke wucewa kullum, a dasa mana na'urar auna iska ko guda biyu ce, ɗaya a Kwangila ɗaya a PZ, a dinga faɗa a rediyo yadda ake faɗin farashin hatsi, mu san ranar da mai asma zai yi taka-tsantsan. Likitoci da masu kemis kuma dan Allah ku ara tambayar waccan baiwar Allah, ku dinga tambayar mutum me ke gaban tagarsa. Ina ma Mai Martaba Sarkin Zazzau zai sa baki masu unguwanni su ɗauki maganar, don a garin nan abin da fada ta ce ya fi allon sanarwa tasiri. Jirgin ƙasa kuwa da ya fi shekara ɗari da zuwa garin nan, wanda da shi ke ɗaukar kayan da yanzu ke kan tirela, an ƙaddamar da sabon layin Kaduna zuwa Kano tun Yulin 2021, muna nan muna zuba ido, Allah ya sa da sauran numfashinmu.

Edita, in da hali ka turo wakilinka ya zo ya gani da idonsa. Kar ya zo da hantsi, ya zo bayan magariba, ya taho da farin hankici, zan ajiye masa benci a ƙofar gida ya zauna zuwa isha'i, shayi a kaina. Ni dai zan gaishe shi in koma ɗakin ƙurya, don yanzu haka da nake danna wannan wasiƙar guda biyu sun riga sun faka, ɗaya ta shanu ce, kuma ban ji an kashe ko ɗaya ba.

Naka mai karatu kullum,
wani malamin makaranta, bakin titin Kwangila, Zariya.